Manhajata na faɗuwa kafin datbes ya tashi a Kubernetes, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam. Ina da manhaja ta Django da PostgreSQL, a Docker Compose depends_on nake sawa komai na tafiya daidai. Da na koma Kubernetes sai manhajar ta riƙa riga datbes tashi, ta faɗi, fod ɗin (wato pod, ƙunshin da kontenar manhajar ke gudana a ciki) na ta nuna CrashLoopBackOff. Ta ya zan tilasta masa ya fara tada datbes?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kubernetes ba shi da depends_on, duk abin da ka ba shi tare yake ƙoƙarin tayarwa, wanda ya riga ya riga. Kai ko a Compose ɗin ma depends_on jira kawai yake kontenar ta kunna, ba wai PostgreSQL ya shirya amsa tambaya ba, sai in ka ƙara masa sharaɗin service_healthy, mai jira har gwajin lafiyar datbes ya nuna ya shirya, ƙila sa'a ce ta yi ta raka ka.

Wancan CrashLoopBackOff ɗin da ke tayar maka da hankali ma aikinsa yake yi, in kontena ta faɗi zai sake tada ta, ya jira daƙiƙa 10, sai 20, sai 40, yana ninkawa har ya tsaya a minti 5. To in datbes ya shirya ƙarshe dai manhajar za ta tashi da kanta, matsalar ita ce kana iya zama kana kallon allo na mintuna alhali datbes ya daɗe da shiryawa.

Maganin gaggawa shi ne initContainers. Wata ƙaramar kontena ce da ke gudana kafin taka, kuma taka ba za ta motsa ba sai ta gama lafiya. Ka sa mata pg_isready, umarnin PostgreSQL mai duba ko datbes ya shirya, tana ƙwanƙwasa sabis ɗin datbes a tashar (port) 5432, in bai amsa ba ta ɗan yi barci ta sake, da zarar ya amsa ta fita. Yau ɗin nan zai warware maka.

Amma don Allah kar ka tsaya nan, wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi. Wannan ƙaramar kontenar ta initContainers sau ɗaya take aiki, lokacin da fod ke tashi. To ran da injin da ke ɗauke da datbes ya mutu tsakar dare Kubernetes ya mayar da shi wani injin fa? Manhajarka na nan a kunne, ba wanda zai sake yi mata jira. Shi ya sa gyaran gaske a cikin kod ɗinka yake, in haɗi ya yanke ta sake gwadawa, tana ƙara tazara kaɗan-kaɗan, ba ta mutu ba. Mai shayi in ya fito bai tarar da mai burodi ba ai ba ya kwashe tebur ya koma gida, hura wuta yake yana jira.

Sai ka haɗa da readinessProbe, gwajin da ke duba ko manhaja ta shirya karɓar aiki, don kar sabis ya turo mata mutane kafin ta shirya. Kuma a kiyaye, kar ka sa livenessProbe, gwajin da ke sa a sake tada kontena in ya ga ta maƙale, ya riƙa duba datbes, mutane da yawa na yin wannan, datbes na ɗan tari sai ka ga an kashe duk fod ɗinka an sake tada su lokaci guda, sun kuma taru a kansa. In manhajar ce mai nauyin tashi, startupProbe ne nata, shi ke ba ta lokaci ta gama tashi kafin sauran gwaje-gwajen su fara.

Maganar migrate na Django kuwa, umarnin da ke gyara tsarin teburan datbes, kar ka sa shi a kowane fod, in kana da kwafi 3 duk za su afka wa tebura tare. Ka ba shi Job nasa, wato aikin da ke gudana ya gama ya tsaya, in da Helm (kayan girka manhaja a Kubernetes) kake aiki ka rataya shi a pre-upgrade don ya gudana kafin sabuntawa.

In kuma akwai kontenar rakiya a fod ɗin, irin furoksin da manhaja ke bi ta kai datbes, ka sa ta cikin initContainers da restartPolicy: Always, za ta riga taka tashi ta ci gaba da aiki. An fara gwajin wannan a sigar Kubernetes 1.28 a 2023, ya zauna daram a 1.33, don haka ka buga kubectl version ka ga wanne kilastarka ke kai tukunna.