Jaridar ɗalibai da shafin Wikipedia: amsa ga ƙanenmu

Ƙanena, ka ce jaridarku ta ɗalibai tana fitowa a kai a kai a nan Damagaram, kun buɗe mata shafi a Wikipedia aka goge, kana tambayar laifin me. Na daɗe ina gyaran maƙaloli, kuma galibi irin wannan gogewar ba ruwanta da kyan rubutu.

Masu gyara abu guda suke nema: wa ya yi rubutu a kanku wanda ba naku ba ne? Ko a gaban alƙali mutum ba ya zama shaidar kansa. Duk maƙalar irin taku da na buɗe, in na gangara ƙasa wajen madogara, sai in tarar da shafin Facebook na jaridar, da hoton bangon fitowar farko, da sanarwar jami'a. Duka ƴan gida ne. Abin da ke tsayar da maƙala shi ne rahoto mai tsawo a jaridar Le Sahel ko ANP, kamfanin dillancin labarai na Nijar, ko shirin rediyo na Studio Kalangou da ya zauna a kanku, ya faɗi wanda ya kafa jaridar da abin da ta taɓa tonowa. Layi ɗaya da ya ce “wakilinsu ma ya halarta” ba ya shiga lissafi. Hirar da aka yi da editanku kuwa rabi da rabi ce, don bakinku ne dai ke magana.

Za ka ce ai The Harvard Crimson, jaridar ɗaliban jami'ar Harvard ta Amurka, tana da shafi. Tana da shi, amma tun 1873 take fitowa, wasu sun yi ta rubutu a kanta. Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram kanta ƙaramar yarinya ce a kan wannan.

A nan ina ganin ƙa'idar ta ɗan takura mu. Labarinmu a rediyo yake yawo, tashar Anfani ta watsa da safe, da yamma iska ta kwashe. Saboda haka duk ranar da aka yi shiri a kanku, ku nemi kwafi, ku rubuta rana da sunan shirin.

Kafin nan, ku nemi a sa jimla biyu ko uku a cikin maƙalar jami'ar, da madogara ɗaya mai ƙarfi. Kuma tunda kai ɗan jaridar ne, ka bayyana haka a shafin tattaunawa na maƙalar, ka bar wani ya rubuta. In aka ga “fitacciya” ko “ta farko a Nijar” ba hujja, nan take ake cirewa.