Nawa zan kashe kafin in iya gyaran karnuka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai son dabbobi tun ina ƙarami, kuma ina so in riƙi wanka da askin karnuka a matsayin sana'a. Na ga wani kwas a intanet mai sauƙin kuɗi, na mako shida, har da takardar shaida. Na kuma ga makarantar da ake zuwa da ƙafa, amma kuɗinta ya ninka na farkon sau da yawa. Jarina ba shi da yawa. Wanne zan ɗauka, kuma me ya kamata in tanada gaba ɗaya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka biya ko sisi, ka yi wa kowace makaranta tambaya guda: karnuka nawa zan gyara da hannuna, malami yana tsaye a kaina, kafin a yaye ni? Amsar da suka ba ka ita ce abin da kuɗinka zai saya. Wanda ya fara kame-kame yana nuna maka hoton takardar shaida, ka riƙe kuɗinka.

Ba na raina kwas ɗin intanet. Zai koya maka nau'o'in gashi da sunayen aski da sassan jikin kare. Amma bidiyo ba zai nuna maka yadda kare ke sandarewa ya maƙe kunnuwa yana lasar leɓe kafin ya kai cizo ba. Haka kuma ba zai riƙe hannunka ba ranar da aka kawo maka karen da gashinsa ya dunƙule ya manne da fata a hammata da bayan kunne. A irin wannan wurin fatar kan shige cikin dunƙulen, sabon hannu ya ɗauki almakashi ya datse, sai ga jini. Gwani ba ya sa almakashi a nan. Injin aski yake turawa a hankali ta ƙarƙashin dunƙulen, ɗaya hannun yana miƙar da fatar. Wannan sai an kama hannunka an nuna maka.

Makarantun da ake zuwa da ƙafa suna da tsada ne saboda su ke samo karnukan, su ke biyan malami da wuri da wuta da inshora. A Ingila hukumar City & Guilds tana da shaidar mataki na 2 ta mai taimaka wa mai aski, da difloma ta mataki na 3 ta cikakken mai sana'a, kuma cikakken horon kan ci dubban fam. A Amurka ma makarantu masu zaman kansu dubban daloli suke karɓa, sannan ƙungiyoyi irin su National Dog Groomers Association of America suna yin jarrabawa a rubuce da kuma a aikace a kan kare mai rai, kowace da kuɗinta. A ƙasashen biyu doka ba ta ce sai da takarda za ka fara aiki ba. Amana takardar take jawo maka wurin masu karnuka, hannunka kuma shi ke sa su dawo.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, kuma ita na fi so ga mai ƙaramin jari: ka shiga ƙarƙashin wanda ya iya, ka fara daga wanka da busarwa da shara da riƙe kare. Wasu manyan shagunan dabbobi a Amurka haka suka riƙa yi, su horar da ma'aikacinsu ba tare da ya biya ba, da sharaɗin zai yi musu aiki na wani lokaci ko ya mayar da kuɗin horon. Idan aka ba ka irin wannan yarjejeniya, karanta ta tsaf kafin ka sa hannu. Kada ka ga wanka ƙasƙanci ne. Aski ba ya kyau a kan gashin da bai wanku ba ko bai bushe sosai ba, kuma datti da yashi su ke dakushe kan inji.

Yanzu kayan aiki, inda lissafin mutane ya fi ɓacewa. Ka tambaya ko suna cikin kuɗin makaranta, don sau da yawa ba sa ciki. Kana buƙatar injin aski na karnuka, na mutane ba ya iya gashinsu. Kawunan injin lamba-lamba ne, kuma duk yadda lamba ta hau, askin ya fi yin ƙasa: lamba 10 tana barin gashi kusan milimita 1.5, lamba 7 kusan milimita 3, lamba 4 kusan milimita 9.5. Kowace lamba da ka fi aiki da ita ka sayi biyu, domin ƙarfen yana ɗaukar zafi har ya ƙona fatar kare. Kana aiki kana taɓa shi a bayan hannunka, in ya yi zafi ka canza. Sai almakashi miƙaƙƙe da lanƙwasasshe da mai haƙora na rage kaurin gashi, da mataji na ƙarfe, da buroshi, da abin yanke farce da hodar tsayar da jini, da takunkumi girma-girma, da sabulun karnuka, don na mutane yana busar musu da fata. Teburi da na'urar busarwa su ne masu nauyi a aljihu, amma ba ka buƙatar naka sai za ka tsaya da ƙafarka. A inji da almakashi kam, araha ba ta ado. Almakashin da bai da kaifi tauna gashi yake yi, ya gajiyar da wuyan hannunka. Ka kuma ware kuɗin wasawa da man inji, don kashe kuɗi a kan waɗannan ba ya ƙarewa.

Lafiyarka ma tana cikin lissafi, kuma a nan ba na sassauci. Ka yi allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta tetanus kafin ka fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan dukkansu daga kare suka kamu. In aka cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ka nufi asibiti ko da ka yi rigakafi. Ka sayi abin toshe kunne saboda ƙarar na'urar busarwa, da abin rufe hanci saboda ƙananan gashin da ke yawo a iska. Makarantar da ba ta koyar da taimakon gaggawa ga kare ba ta cika ba: ya kamata ka san cewa karnuka masu gajeren hanci irin su pug da bulldog zafi kan sha kansu da wuri, ba a barin su a gaban iska mai zafi a juya baya.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne watannin da za ka yi ba ka samun abin kirki. Karen da gwani zai gama cikin awa ɗaya da rabi, kai zai iya cin rabin yininka, kuma ba laifi ba ne. Ka tanadi kuɗin ci da na mota na wannan lokacin kafin ka yi rajista.

Da irin jarin da ka kwatanta, ga abin da zan ce ka yi: nemi mai sana'ar ko asibitin dabbobi da zai bar ka ka yi wata ɗaya kana wanka da riƙe karnuka. In bayanka da hancinka da zuciyarka sun jure, ka ɗauki kwas ɗin intanet don karatun, ka sayi inji da almakashi masu kyau, sauran kuɗin kuma ka ajiye don makarantar da ta faɗa maka adadin karnukan da za su bi ta hannunka.