Ƙafata Ta Daina Ji, In Ci Gaba Da Tafiyar Ƙasa Ko In Zauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomin shinkafa ne daga Argungu, shekarata 61. Yau shekara 11 ke nan ina fama da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide. Tun bara tafin ƙafafuna suka canza mini. Da rana sai in ji kamar ina taka auduga, da dare kuma raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, har sai na yaye mayafi. Sau biyu silifa na zamewa daga ƙafata ban sani ba, sai da yaro ya biyo ni da ita. Likitan da ke duba ni ya ce suga ya taɓa jijiya, in riƙa motsa jiki. Yayana kuwa, da yake an taɓa yanke wa amininsa ƙafa, ya ce in yi zamana kada in jawo wa kaina gyambo. Yanzu na bar wa yara fadama, daga ɗaki sai masallaci sai dakali. Maganar wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar likitanka za ka bi, amma ka riƙe tsoron yayanka hannu biyu, domin abin da ya gani gaskiya ne.

Suga idan ya daɗe da yawa a jini, yana cin jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara jigata, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa ya riƙa hawa sama. Kusan rabin masu ciwon suga sukan gamu da wannan a rayuwarsu. Ba zan yi maka alkawarin cewa tafiya za ta dawo da jin da ya riga ya tafi ba. Abin da take yi shi ne ta rage suga, ta rage saurin lalacewar abin da ya saura, ta ƙarfafa ƙafa don kada ka riƙa faɗuwa. Tsoka ce ta fi kowace gaɓa cin suga a jiki, kuma idan tana aiki takan janye shi daga jini ko da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, bai wadata ba. Amfanin yakan kai kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan ya gushe. Zaman dakalin nan da ka koma, sugan yake yi wa aiki.

A da mu kanmu mun sha hana irinku tafiya. Daga baya bincike ya nuna cewa wanda ba shi da rauni a ƙafa, idan ya sa takalmin da ya dace ya yi tafiya daidai wa daida, haɗarin gyambonsa ba ya ƙaruwa. Sharaɗin shi ne ido ya karɓi aikin da jijiya ta ajiye.

Ba na manta wani dattijo da aka kawo mini a Birnin Kebbi. Ya yini a kasuwa da ƙusa ta huda takalminsa ta ƙasa. Bai ji komai ba. Sai da ya idar da sallar magariba jikarsa ta ga jini a kan darduma, ta ce, "Kaka, wa ya yanke?" Da na juya tafin ƙafar, rami ne ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, a ƙarƙashin babban yatsa. Ya yi mini dariya ya ce ai ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ne ya tayar mini da hankali. Mun yi wata uku muna wanki kafin ya rufe, kuma ya yi sa'a an gani a ranar.

Saboda haka daga takalmi za mu fara. Silifa da fade ba naka ba ne yanzu. Nemi kambas ko wani sau-ciki mai faɗin baki da kaurin ƙasa, wanda tsidau da ƙaya ba za su ratsa ba. Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tabbata yatsu na motsi a ciki. Sabon takalmi kada ya wuce awa ɗaya ko biyu a ƙafarka a kwanakin farko. Ka sa safa mai taushi, fara ta fi, domin ko ɗigon jini ne za ta tona. Kafin ka zura ƙafa, kife takalmin ka kakkaɓe, ka sa hannu ka lalube cikinsa. Ko tsakar gida kada ka taka ba takalmi. Ranar Juma'a ta fi ba ni tsoro: a watan Maris da Afrilu, da zafi ke wuce maki 40 a wajenmu, simintin harabar masallaci yana iya toye tafin ƙafa mutum bai sani ba. Ka tafi da wuri ka sami cikin inuwa, ka ajiye takalminka kusa.

Allah ya ba ka dama sau biyar a yini, wato alwala. Duk lokacin da ka zo wanke ƙafa, ka dube ta da gaske: tafi, diddige, tsakanin yatsu. In ba ka iya lanƙwasawa, sa madubi a ƙasa, ko ka sa ɗaya daga cikin yara ya duba maka. Bororo kake nema, ko tsaga, ko wurin da ya canza launi, ko kanta mai duhu a tsakiya. Ka goge tsakanin yatsu ya bushe. Da hunturu ka shafa man kaɗanya ko basilin don faso, ban da tsakanin yatsun. Masu yawon yankan farce da reza kuwa, ka yi sallama da su.

Yanzu tafiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya sami aƙalla minti 150 a mako, misali minti 30 sau biyar. Kai da ka daɗe a zaune, kada ka fara da haka. Soma da minti 10 bayan karin kumallo da minti 10 bayan la'asar sakaliya, a hanya mai kyau da ka sani, da sauran haske. Ƙafar da ba ta ji da ido take tafiya, don haka duhun asuba da kwazazzabai ba su dace da kai ba. Duk mako ka ƙara minti biyar. Saurin da ake so shi ne wanda numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya hira da abokin tafiya. Kada ka haɗa fiye da kwana biyu ba ka fita ba. In kana da keke, ya ma fi sauƙi ga tafin ƙafa, muddin ba ka jin jiri. Gudu da tsalle ka bar wa samari.

Akwai wani ɓangare da mutane ke rainawa, alhali shi ke hana karaya. Sau biyu ko uku a mako, ka tsaya ka dafa bango, ka ɗaga diddige ka tsaya kan yatsu, ka sauka a hankali, sau 10. Ka zauna kan kujera mai ƙarfi ka miƙe, ka koma, sau 10. Sannan ka ɗaga ƙafa ɗaya kana dafe da bangon, ka ƙirga zuwa 10, ka canza. A makon farko za ka ga kana tangaɗi. Ka daure, bayan wata biyu za ka ga bambanci ko a tasowarka daga sujada.

Glibenclamide ɗin da kake sha yana iya sa suga ya faɗi ƙasa idan aka haɗa shi da aiki, don haka kada ka fita da yunwa. In kana da na'urar awon suga, gwada kafin ka tashi. Ƙasa da 100, ko 5.6 a ɗaya ma'aunin, ci wani abu tukuna. In kana cikin tafiya ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi, ko idanu sun yi duhu, tsaya nan take ka ci dabino uku ko ƙwayar suga huɗu, ka jira minti 15. Su zauna a aljihunka kullum, tare da gorar ruwa a hannu. In kuma awo ya haura 250 kana jin kasala ko tashin zuciya, ranar ta asibiti ce. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ma haka. Abu ɗaya kuma da nake roƙonka kada ka yi wasa da shi: ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta zafi, ko da ba ta ciwo. Ƙasusuwan cikin ƙafar na iya rugujewa a hankali. Daina taka ta, a kai ka babban asibitin Argungu ko Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi a ranar.

Fadama ban hana ka ba. Je ka duba aiki, ka zaga kan kunya da takalminka. Shiga ruwa da laka ƙafa tsirara ne ya ƙare. In ya zama dole, sa dogon takalmin roba da safa, kada ka daɗe, ka wanke ka busar ka duba da ka fito. Idan ka koma wurin likitanka, ka roƙe shi ya gwada jin ƙafarka da ɗan siririn zaren roba da ake taɓa tafin ƙafa da shi, ya taɓa bugun jinin ƙafar, a duba idanunka, a kuma auna sinadarin bitamin B12, domin daɗewa ana shan metformin yana rage shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara wa jijiya rauni.

TAMBAYA: Likita, ni daga Jega nake. Mahaifiyata ce, shekararta 67, tana allurar insulin. Tana da rauni a diddige da ake wanke mata a asibiti duk bayan kwana biyu, kuma in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Ko ita ma akwai motsa jikin da za ta iya?

AMSA: Akwai, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri kan kula da ita. Sai dai Hajiya ba za ta yi tafiya ba sai raunin ya rufe sarai, domin duk takun da ta yi a kansa yana mayar da aikin wankin baya. A zaune za ta yi nata. Ta zauna kan kujera mai majingina, ta miƙar da ƙafa ɗaya daga gwiwa, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali ba tare da diddigen ya bugi ƙasa ba. Ta riƙe ƙaramar gorar ruwa a kowane hannu, ta ɗaga zuwa kafaɗa ta sauke. Kowanne sau 10, safe da yamma, bayan ta ci abinci. Ki zauna ki yi tare da ita, tsofaffi sun fi jurewa idan da abokin yi.

Jirin nan ki faɗa wa likitanta. Suga yakan taɓa jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya da hawan jini, sai jini ya sauka da zarar mutum ya miƙe. Wasu magungunan hawan jini da na raɗaɗin jijiya, irin su amitriptyline da pregabalin, su ma suna kawo shi. A auna jininta tana kwance, a sake aunawa tana tsaye. Kafin nan, in za ta tashi daga gado ta fara zama a bakinsa minti ɗaya ko biyu, sannan ta miƙe da wani a gefenta. Mai irin wannan larura wani lokaci suganta kan faɗi ba tare da rawar jiki ko gumi ba, don haka in kin ga maganarta ta rikice ko ta yi shiru ba dalili, ki gwada sugan.

Sai batun lokacin sanyi. Kada a kawo mata kaskon wuta kusa da ƙafa, kada a gasa mata da ruwan zafi, safa mai kauri ta isa. Ruwan alwalarta ki fara taɓa shi da gwiwar hannunki. Lalle ma a dakata da shi a ƙafar, domin yana rufe canjin launin da mai wankin ke buƙatar gani.