Tambaya da Amsa: Da gaske ne daga ƙwallon unguwa Jamie Vardy ya taso ya ci Firimiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A majalisarmu ana yawan gardama a kan Jamie Vardy. Wasu na cewa lebura ne mai buga ƙwallon unguwa, aka tsinto shi rana ɗaya ya je ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester City, wasu kuma na cewa duk ƙarin gishirin 'yan jarida ne. Don Allah a fayyace mana ainihin tarihinsa da yadda ƙananan ƙungiyoyin Ingila suke, sannan a gaya mana ko matashi daga nan Najeriya zai iya bin wannan hanya. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kowane ɓangare na majalisar taku yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Tabbas Vardy ya yi aikin masana'anta yana buga ƙwallo a gefe, kuma bai taka leda a Firimiya ba sai da ya kai shekara 27. Sai dai abin da yake bugawa a wancan lokaci ba ƙwallon unguwa ba ne, kuma ba a rana ɗaya aka tsinto shi ba. Ƙungiya uku ya ratsa kafin Leicester, kowace tana sama da wadda ta gabace ta, kuma wanda bai san yadda aka jera rukunan ƙwallon Ingila ba zai ɗauki labarin nasa a matsayin tsautsayin alheri kawai.

A Ingila rukunai huɗu ne ake lissafawa a matsayin na cikakkun ƙwararru. Firimiya tana da ƙungiya 20, sai Championship da League One da League Two masu ƙungiya 24 kowace, jimilla 92 ke nan. Duk abin da ke ƙasa da waɗannan shi ne ake kira ƙwallon wajen lig. A mataki na 5 akwai National League, wadda ake kira Conference a zamanin da Vardy ya buga ta, a mataki na 6 an raba ta gida biyu, arewa da kudu, sannan a mataki na 7 da na 8 akwai gasannin shiyya irin su Northern Premier League da Southern League da Isthmian League. Haka abin yake ci gaba da sauka har ya kai ga gasannin gundumomi. Abin da ya sa tsarin yake da amfani shi ne duk matakan a sarƙe suke: wanda ya yi nasara ya hau, wanda ya gaza ya sauka. Tun 1987 zakaran mataki na 5 yake samun damar shiga League Two kai tsaye idan filinsa ya cika sharuɗɗa, kafin nan kuwa sai ƙungiyoyin sama sun kaɗa ƙuri'a, kuma galibi junansu suke sake zaɓa. Ƙungiyoyin ƙasan suna da rajista da filaye da tikiti da alƙalan wasa na hukuma, suna biyan 'yan wasa ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma suna shiga kofin FA daga zagayen share fage. A mataki na 5 ma akasarin ƙungiyoyi yanzu ba su da ɗan wasan da yake wata sana'a ban da ƙwallo.

An haifi Vardy a birnin Sheffield ranar 11 ga Janairu 1987, kuma ya taso a makarantar horar da yara ta Sheffield Wednesday, ƙungiyar da yake goyon baya tun yana ƙarami. Yana shekara 16 suka sallame shi, dalilin da aka bayar kuwa shi ne ƙanƙantar jiki. Wannan batu yana da muhimmanci ga gardamarku, domin ya nuna cewa ya samu horon ƙwararru tun farko, ba daga sama ya faɗo ba. Daga nan ya koma Stocksbridge Park Steels, ƙungiyar wani garin ma'aikatan ƙarfe da ke arewacin Sheffield, ya kuma shiga babbar tawagarta a 2007 lokacin tana mataki na 8. Fam 30 ake biyansa a mako. Abincinsa yana fitowa ne daga wata masana'anta mai ƙera takalmin gyaran ƙafa na marasa lafiya, inda yake wuni a tsaye kafin ya tafi atisaye da yamma.

A wannan shekarar ce kuma kotu ta same shi da laifin duka bayan wata hatsaniya a ƙofar mashaya, wadda shi ya ce ya shiga ne don kare wani abokinsa mai lalurar ji. Aka ɗaura masa na'urar sa ido a idon sawu na wata 6, aka kuma wajabta masa kasancewa a gida daga ƙarfe 6 na yamma. Saboda haka idan wasan waje ne, sai ya buga abin da ya samu, a cire shi tun ba a tashi ba, ya faɗa mota da kayan wasan a jikinsa don kada lokaci ya cim masa a hanya. Ba na kawo wannan don a yaba masa ba. Ina kawo shi ne domin yana daga cikin abubuwan da suka sa manyan ƙungiyoyi suka riƙa ja da baya ko da masu farautar 'yan wasa sun dawo da rahoto mai kyau a kansa.

A 2010 FC Halifax Town ta saye shi a kan fam 15,000, ya taimaka mata ta lashe gasar mataki na 7 a kakar farko. A Agustan 2011 Fleetwood Town ta mataki na 5 ta ɗauke shi, kuma a nan ne ya bar masana'anta gaba ɗaya ya zama ba shi da aiki sai ƙwallo. Ya ci ƙwallo 31 a lig a kaka ɗaya tal, Fleetwood ta zama zakara, ta shiga rukunin ƙwararru karon farko a tarihinta. A watan Mayu 2012 Leicester City, wadda take Championship a ƙarƙashin koci Nigel Pearson, ta biya fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan wajen lig. Ku lura da tafiyar: daga mataki na 8 zuwa na 7, zuwa na 5, sannan na 2. Tsalle mafi girma shi ne na ƙarshe, kuma shi ne ya kusa karya shi.

Kakarsa ta farko a Leicester ba ta yi kyau ba ko kaɗan. Ƙwallo 4 kacal ya ci a lig, magoya baya suka fara cewa an yi asarar kuɗi, shi kansa ya yanke ƙauna har ya yi tunanin barin ƙwallo, ya nemi a mayar da shi Fleetwood aro. Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare ne suka ƙi amincewa. A ganina wannan ita ce gaɓar da aka fi mantawa da ita a labarin, alhali ita ce mafi nauyi. Ɗan wasan da ya fito daga ƙasa ba ya zuwa da suna, saboda haka ba a yi masa haƙurin da ake yi wa wanda aka sayo daga Sifaniya ko Faransa, kuma da a ce wani koci ne mai gaggawar neman sakamako, da Vardy ya ƙare a matsayin gwanin League Two wanda babu mai tuna shi a wajen lardinsa. A kaka ta biyu ya ci 16, Leicester ta lashe Championship da maki 102.

Sauran labarin kun san shi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. A kakar 2014/15 ƙwallo 5 ya ci a Firimiya, ta farko a wasan da suka doke Manchester United 5-3, kuma ƙungiyar ta tsira daga faɗuwa ne bayan ta ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe. A Yunin 2015 ya fara buga wa Ingila. Sai kakar 2015/16 a ƙarƙashin koci Claudio Ranieri, wadda Leicester ta ɗauki kofin Firimiya, shi kuma Vardy ya ci ƙwallo 24, ya kuma zura ƙwallo a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy mai wasa 10.

Ƙwallon da ta karya tarihin, ranar 28 ga Nuwamba 2015 a karawa da United, ta isa ta nuna irin ɗan wasan da yake. United ce ta bugo kwana, mai tsaron raga Kasper Schmeichel ya kama, ya jefa wa Christian Fuchs, shi kuma ya ruga da ita ya zura ta bayan masu tsaron baya ba tare da ya kalli inda za ta ba, domin ya san Vardy ya riga ya tashi. Taɓawa biyu ya yi, ƙwallo ta wuce David de Gea. Wannan salo na tsayawa a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, da gudu ba tare da jiran a kawo ƙwallo ƙafa ba, da matsa wa abokin hamayya lamba har sai ya yi kuskure, shi ne abincin yau da kullum a ƙananan rukunai, inda fili ba shi da laushi kuma ba a cika yin doguwar ƙulla wasa ba. Ranieri ya gina ƙungiyarsa a kan bar wa abokan karawa ƙwallo sannan a kai musu farmakin ba-zata, da N'Golo Kanté mai ƙwatowa, da Danny Drinkwater da Riyad Mahrez masu jefawa gaba. Wato abin da Vardy ya koya a ƙasa ya zo daidai da abin da ake buƙata a sama. Ba kowane mai gudu ne yake dacewa da hakan ba. Mun ga Ahmed Musa ya zo wannan ƙungiya daga CSKA Moscow a 2016 da gudunsa da gogewarsa ta gasar Zakarun Turai, ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunci kafin fara kaka, amma gurbin da zai fi amfani a cikinsa Vardy ya riga ya kama shi, har ya koma CSKA aro a farkon 2018.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daɗewarsa. Ya ƙi tayin Arsenal a 2016, ya buga wa Ingila wasa 26 ya ci 7, ya lashe takalmin zinare a kakar 2019/20 da ƙwallo 23 yana da shekara 33, wanda ya sa ya zama mafi yawan shekaru da ya taɓa lashe shi a Firimiya, sannan a 2021 ya ɗaga kofin FA tare da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho bayan sun doke Chelsea 1-0. Da Leicester ta faɗi a 2023 bai gudu ba, ya tsaya suka dawo. Ya yi bankwana da ita a Mayun 2025 a wasansa na 500, inda ya ci ƙwallonsa ta 200, daga nan ya tafi Cremonese ta Italiya yana da shekara 38.

Ba shi kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. Stuart Pearce mai gyaran wutar lantarki ne yana buga wa Wealdstone kafin Coventry City ta ɗauke shi a 1983, Ian Wright bai samu kwantiragin ƙwararru ba sai 1985 da Crystal Palace ta gan shi, Charlie Austin kuwa magini ne yana buga wa Poole Town. Amma waɗanda suke hawa 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da masu saukowa. Ƙananan rukunai cike suke da yaran da manyan makarantu suka sallama suna shekara 16 ko 18, da waɗanda rauni ya dakushe, da dattawan wasa masu neman ƙarasa shekarunsu kusa da gida. Akwai ma wanda ya yi zagayen gaba ɗaya, wato mai tsaron raga Ben Foster, wanda ya fara a Racing Club Warwick yana koyon girki a gidan abinci, ya kai Manchester United da tawagar Ingila, sannan a 2023 ya dawo daga ritaya ya tsare wa Wrexham raga a mataki na 5, inda ya tare fenaritin Notts County a mintunan ƙarshe na wasan da ya share musu hanyar ɗaukar kofi.

Game da matashin Najeriya kuwa, amsar ita ce wannan ƙofa ba a buɗe take gare shi ba. Vardy ɗan ƙasa ne, babu wanda ya tambaye shi takardar izinin aiki. Baƙo yana buƙatar bizar 'yan wasa, wadda ba a bayarwa sai da amincewar hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, ita kuma tana duba yawan wasannin da mutum ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito daga cikinta, ƙananan ƙungiyoyin shiyya kuma ba su da hurumin ɗaukar nauyin irin wannan biza. Bizar ziyara ba ta halatta wa mutum buga ƙwallo don a biya shi, sannan dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa sai a wasu keɓantattun halaye. Don haka duk dillalin da ya karɓi kuɗin iyaye da alkawarin zai kai ɗansu ƙaramar ƙungiya a Ingila ya fara daga can, ko dai bai san doka ba ko kuma damfara yake shiryawa. Hanyar da ta kai 'yan Najeriya Leicester daban ce: Ahmed Musa ya zama wanda ya fi cin ƙwallo a gasar Najeriya da Kano Pillars kafin VVV-Venlo ta Holand ta ɗauke shi a 2010, Ndidi kuma ya bi ta Genk ta Beljiyam ya isa Ingila a Janairun 2017.