Noti ya shiga lafiya, amma man birki na tsattsafowa

Tambaya: Assalamu alaikum Masta. Ina da tsohuwar Opel Astra. Na sa an canza mini kalifar gaba da manya, na sayi tiyon birki, na hannu ba sabo ba, a Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi. Fita ya ɗaura, noti ya shiga lafiya, amma wajen haɗin kullum a jiƙe yake. Ya naɗa farin tef ya ƙara tamkewa, ya ce ba komai. Da Sallah zan kai iyali Tamale, hankalina bai kwanta ba. Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada motar nan ta hau hanyar Techiman a haka.

Ina kyautata zaton tiyon motar Japan aka ba ka. Notin Opel da na Toyota duk awonsu ɗaya ne, M10x1, shi ya sa ya shiga sumul. Bakin bututun ƙarfen ne ya bambanta: na motocin Jamus dunƙulalle ne, na Japan kuwa buɗaɗɗe kamar mazurari, an ninka leɓensa ciki. Kowanne da irin mazauninsa a cikin kan tiyo, ɗaya ba ya zama a wurin ɗaya.

Wannan magana ta “ai ya shiga” kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Haƙoran noti ba sa tare mai. Aikinsu kawai su danne bakin bututu a kan mazauninsa, ƙarfe da ƙarfe, a nan ake samun toshiya. To me tef ɗin masu famfo zai yi a kan haƙora? Sai dai ya sa noti santsi, yaro ya yi ta jan sifana har bakin bututun ya tsage, ɓurɓushin tef kuma ya bi mai ya shige ciki. In ka taka birki da ƙarfi, matsin man ya haura psi 1,000 a ma'aunin matsi. A garejin fita an taka a hankali ba a ga komai ba, ranar da babbar mota ta tsaya a gabanka ranar zai saki.

Wanda ya fi wannan muni shi ne notin tsofaffin motocin Amurka, mai awon inci, 3/8-24. Kaurinsa kamar milimita 9.5 ne, yana shiga ramin M10 yana ɗan lilo, ya kama kamar gaske. Haka masu yanko bututun firji su sa a birki, wallahi ganganci ne da rayukan mutane. Kuma kada wani ya nuna mini sitikar DVLA, hukumar duba lafiyar mota, takarda ba ta riƙe mai.

Ka koma da tsohon tiyonka wajen mai kaya, a haska cikin kawunan biyu a gwada mazaunin. Ka nemi sabo mai tambarin inganci na SAE J1401 a jikinsa, tiyon birki ba abin saye na hannu ba ne. Bututun da aka matse ɗin nan ya riga ya lalace, a canza shi ko a yanke bakin a sake fitar da irin na Jamus. Noti ya tafi da hannu kusan ƙarshe kafin sifana ta taɓa shi. In kalifar mai kusoshin banjo ce, wato kusoshi masu rami da mai ke bi ta ciki, sababbin washa biyu na jan ƙarfe.

A ɗaga motar, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, tiyo kada ya miƙe tsaf ko ya gogi taya. A zuba man birki DOT 4, a fitar da iska, sannan ka danne birki da ƙarfi na rabin minti. In ƙafarka na nitsewa a hankali, aiki bai ƙare ba.