Fatawa: Banki ya riƙe kuɗin agajinmu na Diffa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ne ma'ajin wata ƙungiya a unguwar Birni, nan Damagaram. Muna tara zakka da sadaka mu sayi hatsi wa 'yan gudun hijirar Diffa. Banki ya riƙe kuɗin, wai sai mun kawo takardun masu bayarwa da masu karɓa, saboda dokar hana ba 'yan ta'adda kuɗi. Wasunmu sun ce mu ba direba a ɓoye. Ya halatta?

Amsa: Allah ya saka muku da alheri. Ciyar da mai yunwa farilla ce a kan al'umma, kuma mutanen nan suna cikin ƙunci tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a Fabrairun 2015. Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Da Sumama ɗan Usal, wani shugaba a Yamama da ya musulunta, ya tsare hatsin Yamama daga Makka, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sake musu hanya, alhali Makkawa suna yaƙar Annabi. To ina ga matar da aka raba da gonarta ta tattasai? Ko ɗanta ya bi masu bindiga daji, a ba ta.

Amma aikawa a ɓoye ba ta halatta. Kuɗin amana ne, kuma hukuma tana da haƙƙin sanin inda ya dosa. Idan masu bindiga suka tare direban suka yanki rabonsu, zakkar Musulmi ta zama harsashi, Suratul Ma'ida kuwa ta hana taimakekeniya kan zunubi da ta'adi. Ga kurkuku, ga rufe ƙungiyar, wanda talaka ne zai ɗanɗana. Ku kai takardun.

Hukuma da bankuna ma akwai nauyi a wuyansu: binciken da zai ci watanni har damina ta tarar da mutane ba hatsi zalunci ne. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙuduri mai lamba 2664 na Disamban 2022, ya keɓe aikin jinƙai daga takunkuminsa na riƙe kadara. Bai soke dokar Nijar ba, amma hujja ce da za ku riƙe wajen neman sauƙi.

Zakka kuwa kada ta kwana a asusu. A mazhabarmu ta Malikiyya ana raba ta inda ta wajaba, sai in wasu sun fi buƙata. Idan hanyar Diffa ta toshe, ku raba ta ga mabuƙatan Damagaram, sadakar ta jira izini.

Allah ne mafi sani.