Iska Ta Kwanta: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya daga Tudun Wada: Malam, shin "iska ta kwanta" adon magana ne kawai?

Amsa: A'a, kalmar ta faɗi ainihin abin da ke faruwa. Idan rana ta faɗi, ƙasa takan saki zafin da ta sha, musamman a daren hunturu da babu gajimare, sai iskar da ke dab da ita ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta zauna ƙarƙashin mai ɗumi, su daina cuɗanya. Duk wanda ya tsallaka kogin Kubanni na Zariya bayan isha'i a watan Janairu ya ga yadda hayaƙin masu tsire yake shimfiɗuwa saman rumfuna maimakon ya miƙe sama, ya kuma ji sanyi ya fi tsanani a fadama, domin iska mai sanyi gangarawa take yi kamar ruwa. Amma a can sama, kimanin mita 300 ko fiye, iskar takan ƙara gudu cikin dare, tunda ta rabu da itatuwa da gine-ginen da ke riƙe ta. Da hantsi ya gasa ƙasa sai ta sauko da ƙarfi, kuma haka ne take tayar da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke zama mana hazo. Saboda haka ba na jin daɗin masu cewa "iska ta tsaya". Mai kwanciya tashi yake yi, kuma magabatanmu sun lura da haka.

Tambaya daga Samaru: Daidai ne a ce guguwa ta tashi da tsakar dare?

Amsa: Asalin guguwa ita ce iskar da ke juyawa da tsakar rana, lokacin da ƙasa ta ɗau zafi. Wadda ke ɗage rufin kwano da dare a farkon damina iskar hadari ce. 'Yan jarida sun mai da kowace iska guguwa, abin da takaici.

Tambaya daga Sabon Gari: Mene ne bambancin ɗari da sanyi?

Amsa: Ɗari busasshe ne, na hunturu. Sanyi ya haɗa har da na damina.

Tambaya daga cikin Birni: Me ake nufi da "iska na wahalar da mai kayan kara"?

Amsa: Ana faɗa wa wanda yake ta fama a banza. Kara ba nauyi sai faɗi, don haka mai dabara yakan ɗauko shi da asuba, kafin iskar ta tashi.